Wane irin anjel zan saya, kuma wane girman tanki zai ishe su?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Agege ne, ina sana'ar kayan gwari a Mile 12. Yara sun matsa mini sai na sa musu kifin ado a falo. Na leƙa wani shago na ga kifin anjel kala-kala, ana ta kira mini sunaye, wai silba, mabul, koyi, baƙi, har da wani mai tsada da aka ce altum ne. Mai shagon ya ce tanki mai ƙafa biyu zai ɗauki guda shida ba matsala. Wanne ya kamata in zaɓa, kuma wane tanki ne daidai da su?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, ka kyauta da ka tsaya tambaya tun kuɗinka suna aljihu, domin yawancin masu zuwa wurinmu sai kifin ya fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya suke neman shawara. Bari in fara da maganar tanki, don ita ce mai nauyi. Tanki mai ƙafa biyu ba zai riƙe anjel shida ba. Ko guda ɗaya da ya cika girma ba zai sake a cikinsa ba. Abin da mai shagon ya faɗa maka gaskiya ne na makon farko kawai, bai gaya maka yadda za a kwashe bayan wata shida ba.

Waɗanda ka gani suna yawo a shago ƙanana ne, 'yan wata biyu zuwa uku, jikinsu da kaɗan ya wuce murfin kwalba. Idan suna samun abinci da ruwa mai kyau, kafin shekara ta zagayo kowanne zai kai kusan santimita 15 daga baki zuwa jela, tsayinsa kuwa daga ƙarshen fiffiken baya zuwa ƙarshen na ciki ya kai santimita 20, wani ma ya ɗara. Kifi ne da girmansa ya fi tafiya sama da ƙasa, kuma yana iya kai shekara goma a raye. To ɗauki tef ka auna tankin nan mai ƙafa biyu da aka fi yankawa: tsawo santimita 60, faɗi 30, zurfi 30. Ka zuba yashi na santimita 5 a ƙasa, ka bar kamar 3 a sama don kada ruwa ya riƙa zuba, abin da ya rage na ruwa santimita 22 ne. Kifi mai tsayin 20 a cikin ruwan 22, tamkar dogon mutum ne a ɗakin da rufinsa ke taɓa masa hula. Fiffiken sama zai lanƙwashe, na ƙasa yana jan yashi yana yagewa, girman jiki ya tsaya cak. Na sha ganin anjel da aka raina a haka: idanu ƙwala-ƙwala, jiki ƙanƙane, fiffike a tanƙware. Ko an mayar da shi babban tanki daga baya, abin da ya lanƙwashe ba ya miƙewa.

Siffar nan tasa tana da dalili. Asalinsa kogunan Kudancin Amurka ne, Amazon da rassansa ta wajen Barazil da Feru da Kolombiya, inda ruwa ke tafiya a hankali tsakanin saiwoyin itatuwa da dogayen ciyayi. Jikinsa shafal ne ta gefe biyu don ya ratsa tsakanin saiwoyi, baƙin zanen da ke gangarowa daga baya zuwa ciki kuma yana ɓoye shi a inuwar ciyawa. Abin da masu saye ba su cika sani ba shi ne, ɗan dangin karfasa ne, a wurin masana gidansu ɗaya. Duk wanda ya taɓa kiwon karfasa ya san halinta idan ta kama wuri za ta yi ƙwai, ba mai raɓar wurin. Anjel ma haka yake. Kada tafiyarsa ta ƙasaita ta ruɗe ka. Yana da yankinsa, yana da faɗa, kuma duk abin da ya iya shiga bakinsa ya zama abinci.

Jinsin uku ne kacal a ruwan daɗi. Na farko shi ne wanda masana ke kira Pterophyllum scalare, yana cikin littattafan kimiyya tun 1823, kuma kusan duk anjel da za ka gani a shagunan Legas shi ne. Silba da mabul da koyi da baƙi da ruwan zinare duk shi ɗin ne, launi ne kawai masu kiwo suka fitar ta hanyar zaɓen iyaye shekara da shekaru. Don haka girmansu ɗaya, bukatarsu ɗaya, suna kuma haihuwa da juna. Na biyu leopoldi, wanda aka raɗa wa sunan Sarki Leopold na Uku na Beljiyam a 1963. Ya fi sauran ƙanƙanta, ya fi su zafin rai, kuma da wuya ka ci karo da shi a nan.

Na uku shi ne altum da aka nuna maka, kuma a kansa zan ɗan ja kunnenka. An bayyana shi a 1903, mazauninsa saman kogin Orinoko ne da Riyo Negro. Tsayinsa yana kai santimita 35 zuwa sama, kyawunsa kuwa ba a magana. Amma ya saba da ruwa mai laushi ƙwarai, mai tsami, mai ɗumi, tsaf ko da yaushe, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa daga kogi aka kamo su, sun sha doguwar tafiya, sun iso a galabaice. Yana son tanki mai zurfin santimita 70 da tsawon mita ɗaya da rabi, wato abin da ya haura lita 600. Wannan ba kifin mai farawa ba ne. Sannan sau da yawa abin da ake kira altum a kasuwa ba shi ba ne, akwai wani scalare mai ɗan tsayi da ake laƙaba wa altum na Feru a ƙara masa kuɗi. Na ainihin yana da lotsawa mai zurfi a saman hanci, zanensa masu faɗi ne da ɗan ruwan ƙasa, kuma tun yana ƙarami za ka ga ya yi sama sosai. Ko na ainihin ne, ka bar shi a shagon.

Idan yara suna nuna maka hotuna a waya, ka kuma lura: akwai anjel na teku, masu shuɗi da rawaya masu ɗaukar ido, waɗanda ba su haɗa dangi da namu ba. Wasu cikinsu suna kai santimita 40, har akwai wani nau'in da ke rayuwa a gaɓar tekun Afirka ta Yamma. Su ruwan gishiri suke so da na'urori masu tsada da wutar da ba ta ɗaukewa. Ba su ne muke magana ba.

To mu dawo kan launi, inda zaɓinka yake. Ni dai idan aka bar ni, silba nake fara miƙa wa mai farawa. Shi ne ya fi kusa da na kogi, jiki ruwan azurfa da baƙin zane, kuma shi ya fi juriya. Yana da wata fa'ida da sauran ba su da ita: zanensa yana faɗa maka halin da yake ciki. Da asuba idan ka kunna fitila za ka tarar zanen ya dushe kamar an wanke shi, bayan 'yan mintuna ya dawo baƙi sosai. Idan da rana tsaka ka ga ya koɗe ya ƙi dawowa, to ko dai wani yana korarsa, ko ruwan ya fara lalacewa. Mai koyo yana bukatar kifin da zai yi masa irin wannan ishara. Zebra ɗan'uwansa ne, zanen ne kawai ya fi yawa. Mabul yana da dabbare-dabbaren baƙi da fari, ba ka samun biyu iri ɗaya, saboda haka yara suna saurin gane nasu, kuma shi ma yana da ƙwari. Ruwan zinare ba laifi. Koyi fari ne da ɗigon baƙi da ruwan lemo a ka, ruwan lemon yana ƙara fitowa ne da girma da abinci mai kyau da kwanciyar hankali, don haka kada ka ga ƙarami ya yi fari-fari ka ɗauka an cuce ka. Sai dai ka tabbata ka ce anjel koyi, domin akwai wani kifin daban da ake kira koyi, na kududdufi, wanda ke wuce rabin mita.

Waɗanda nake cewa a yi hattara da su su ne waɗanda aka matsa wa wajen fitar da kyau. Baƙin anjel iri biyu ne. Wanda ya gaji baƙin ta wajen uwa ko uba kaɗai, za ka hango zanensa a ƙarƙashin duhun idan haske ya bugi jikinsa, wannan yana da ƙarfi. Wanda ya gada ta ɓangare biyu shi ne baƙi ƙirin, ya fi kyau a ido, amma yana girma a hankali, kuma yana ƙarami ya fi saurin karyewa. Haka masu dogayen fukafukai da jela mai jan ƙasa. A shago sun fi kowa ɗaukar hankali, amma suna bukatar ƙarin zurfi, ba su da saurin iyo, wasu kifayen suna cizge musu jela, kuma da ruwa ya ɗan ƙazanta fiffiken ke fara ruɓewa daga baki-baki. Zabiya kuma, mai jan ido, ba ya son haske mai ƙarfi, ba ya ganin abinci da wuri, sauran sukan riga shi. Duk waɗannan ana kiwonsu lafiya, amma bayan hannu ya faɗa.

Saboda haka ga abin da nake gani ya dace da kai: ka haɗa silba da mabul, ka sa koyi ɗaya ko biyu saboda yara, dukkansu masu fiffike na asali, kuma masu girma ɗaya. Ka tambayi mai shago ko a nan aka ƙyanƙyashe su ko daga waje aka kawo, da kuma tun yaushe suke wurinsa. Wanda aka haifa a ruwan Legas ya riga ya saba da ruwanmu da zafinmu. Wanda ya sauka daga jirgi shekaranjiya bai gama nuna ciwon da ke jikinsa ba tukuna.

Kada ka yi gaggawar nuna wanda kake so. Ka tsaya gaban tankin kamar minti goma. Lafiyayyen anjel da ya ga mutum gaba yake tahowa, fukafukai a buɗe, yana neman abinci. Ka ce a ɗan barbaɗa musu ka ga wanda ya ci. Wanda ya maƙale a lungu ya tattare fiffike, ko cikinsa ya shafe, ko kashinsa fari ne siriri yana bin sa kamar zare, ko kana ganin ɗigo fari-fari irin na gishiri a jikinsa, ka bar shi, ka ma bar duk na cikin wannan tankin, domin ruwa ɗaya suke sha. Ka duba zaren nan biyu da ke ƙarƙashin ƙirji su kasance a miƙe kuma daidai, marfin wurin numfashi a gefen kai ya rufe sosai, baya ba a karkace ba. Araha ba ta ado, kifin da aka rage maka kuɗinsa saboda nakasa haka zai girma da ita.

Yanzu lissafin tanki. Ka ninka tsawo da faɗi da zurfi a santimita, ka raba da 1,000, ya ba ka lita. Tankin mai shagon lita 54 ne, jarka biyu ta masu ga-ruwa da ɗan ƙari. Idan ka ga ana maganar galan a intanet, galan na Amurka lita 3.8 ne, na Ingila kuma 4.5, kada su rikita ka. Abu na farko da za ka nema shi ne zurfi: kada ya gaza santimita 45, kuma 50 ya fi. Idan ya wuce 60, hannunka ba zai kai ƙasa ba wajen shara, gilashin ma sai ya yi kauri ƙwarai, kuɗi ya ninka. Anjel ɗaya, ko mace da namiji da suka riga suka haɗu, tanki mai tsawo 80, faɗi 35, zurfi 50 zai ishe su, lita 140 ke nan. Shida da mai shagon ya ambata kuwa, ƙafa huɗu za ka yanka: tsawo 120, faɗi 45, zurfi 50, lita 270. Idan falon ba zai ɗauka ba, akwai tsaka-tsaki, ƙafa uku mai tsawo 90, faɗi 45, zurfi 50, kusan lita 200, ka raini ƙanana huɗu a ciki da niyyar rage su idan sun girma.

Adadin ma yana da hikima. Ɗaya yana zama lafiya shi kaɗai. Biyar ko shida suna zama, domin faɗan yana rarrabuwa, babu wanda ake tara wa. Uku ne mafi muni, biyu su haɗa kai su sa na ukun a gaba, ya koma bayan matatar ruwa, wato na'urar da ke tace ruwan tankin, ya daina cin abinci har ya rame. Biyu da aka ɗauko kai tsaye ma caca ce, don ba a gane mace da namiji suna ƙanana. Duk wanda ya ɗebo maka ƙananan anjel biyu ya rantse miji da mata ne, hasashe yake yi. Sai sun balaga, tsakanin wata shida zuwa shekara, lokacin saka ƙwai, ake tabbatarwa: na macen abin fitar da ƙwan gajere ne mai kauri, na namijin siriri ne mai tsini.

Akwai wani abin da littattafan Turai da Amurka ba su lissafa da shi ba, mu kuwa shi ne kan gaba: ɗauke wuta. Anjel yana jin daɗi tsakanin digiri 24 zuwa 30 a ma'aunin Salsiyos, kuma a Legas ruwan tanki a ɗaki kusan nan yake zama da kansa, shi ya sa yawancinmu ba ma bukatar hita sai wanda falonsa ke kwana da na'urar sanyaya ɗaki. Wannan sauƙi ne. Wahalar ita ce ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa da yawa. Lita ɗaya a digiri 20 tana riƙe kusan miligiram 9, a digiri 30 kuwa kusan 7 da rabi, alhali kifin ya fi bukatar iska a cikin zafi. To a watan Maris, dare ya yi, wuta ta tafi, matata ta tsaya, famfon iska ya yi shiru. A lita 54 da kifi shida, kafin asuba za ka same su a saman ruwa baki buɗe suna haki. A lita 270, kifin nan shida za su kai safiya. Iska ta saman ruwa take shiga, saboda haka faɗin saman tanki shi ne numfashinsu. Wannan ne ya sa ba na son dogayen tankunan nan masu siffar ginshiƙi da ake ƙawata ofisoshi da su, zurfi ya yi amma sama ta tsuke. Kuma wannan ne ya sa nake cewa duk adadin da ka karanta a intanet, a Legas ka rage. Ka sayi ƙaramin famfon iska mai caji wanda ke kama aiki da kansa idan wuta ta ɗauke, da matatar soso, tun kafin ka sayi kifi. Idan kana da inbata ko sola, ka ɗora su a kai, ba su cin wuta.

Wajen mai yankan gilashi kada ka yarda a rage kauri don a rage kuɗi. Mai ƙafa uku ya samu milimita 8 aƙalla, mai ƙafa huɗu milimita 10, da ɗaurin gilashi a sama don kada cikinsa ya buɗe, kuma a haɗa shi da silikon na tankin kifi, ba irin na banɗaki mai maganin fumfuna ba, wannan guba ne gare su. Ka sa a cika shi da ruwa a waje ya kwana biyu kafin ya shiga falo. Ka tuna lita ɗaya kilo ɗaya ce. Mai ƙafa huɗu da ruwansa da gilashinsa da yashinsa ya haura kilo 300, nauyin buhun siminti shida. Teburin talabijin ba zai ɗauka ba. Ka sa mai walda ya yi maka ƙafa ta ƙarfe a shafa mata fenti saboda tsatsar iskar Legas, a daidaita ta kada ta karkata, a shimfiɗa fom tsakaninta da gilashin. Ka jingina shi da bango nesa da taga, don rana tana ƙara zafi tana kawo gansakuka.

Ruwan da za ka zuba shi ma sai an duba. Ruwan burtsatse a yankuna da yawa na cikin Legas yana da laushi da ɗan tsami, kuma anjel yana son haka, muddin ma'aunin pH, wato awon tsamin ruwa, bai yi ƙasa da 6 ba. Tsakanin 6 da 7.5 duk daidai ne ga wanda aka haifa a tanki. Wuraren da ke bakin ruwa, irin su Lekki da Ajah, su ne aka fi fama da gishiri da ƙarfe a ruwan ƙasa, wanda ke yin ja idan ya kwana. Kai da ke Agege, sayi ɗan kayan gwajin nan mai ɗigo ka auna naka ka sani. Ruwan famfo na gwamnati yana da kulorin, sai an sa masa maganin kashe kulorin kafin ya shiga. Idan a wurin 'yan ga-ruwa kake saye, ka ware jarkokinka na kanka waɗanda ba a taɓa zuba musu fetur ko kananzir ko sabulu ba, kuma ka riƙa ɗebowa daga wuri ɗaya. Duk mako za ka canza kashi ɗaya cikin huɗu, wato kusan jarka uku a babban tankin. Wannan aikin ya fi kowane magani.

Ba ranar da aka kawo tanki ake sa kifi ba. Kashin kifi yana fitar da amoniya, ita kuwa guba ce. Wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zama cikin soson matata su ke juya ta zuwa abin da ba ya cutarwa sosai, kuma kafin su yawaita a sabon tanki ana ɗaukar mako huɗu zuwa shida. Ka cika ruwa, ka kunna matata, ka riƙa jefa ɗan abincin kifi kaɗan yana ruɓewa don su samu abin ci. Idan ka samu tsohon soso daga tankin wani mai lafiyayyun kifaye, lokacin zai ragu sosai. Na san yara za su dame ka da tambayar ina kifin, sai ka ba su aikin dasa ciyayi. Masu dogon ganye irin su balisneriya da takobin Amazon su anjel ya fi so, ga kuma anubiyas, wadda asalinta ma nan yankinmu ne na Afirka ta Yamma, ba ta son haske da yawa, a jikin itace ake ɗaure ta. Soson kuma idan ya yi datti, a ruwan da ka ɗebo daga tankin ake matse shi, ba a ƙarƙashin famfo ba.

Abokan zama kaɗan za ka sa. Ƙananan neyon masu walƙiya, da anjel ya girma zai bi su da dare ya cinye. Taiga bab yana cizgar fiffike. Golfish ruwa mai sanyi yake so kuma yana da ƙazanta. Ƙananan koridoras masu kiwo a ƙasa sun dace, guda shida, da tetra masu faɗin jiki da ba za su shiga baki ba. Kifin nan mai lasar gilashi da ake cusa wa kowa, ka tambayi irinsa, na gama-garin yana wuce santimita 30, mai gashin hanci ne ke tsayawa ƙarami.

In kuwa ka auna falo da aljihu ka ga ƙafa biyun nan ce kaɗai za ta yiwu, ba abin kunya ba ne, sai a canza kifi. Gofi da filati suna rayuwa lafiya a lita 54, suna da launi, suna haihuwa yara su yi ta murna. Dabbar da mutum ya tsare haƙƙinta yana wuyansa, kuma hadisin matar da ta kulle kyanwa ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba, ba baƙo ba ne gare mu. Kifi ba ya kuka, shi ya sa ake saurin mantawa yana shan wuya.

Abubuwa biyu a cikin gida suna kashe kifi fiye da cuta. Na ɗaya maganin sauro. Na feshi da na ƙonawa yawanci suna ɗauke da sinadarin da ɗan kaɗan ɗinsa ke kashe kifi, kuma famfon iska yana zuƙar iskar ɗakin ya tura cikin ruwa. Ka sanar da uwargida da kowa: kafin a fesa, a kashe famfon, a lulluɓe tankin da babban mayafi, sai ɗakin ya sha iska a buɗe a kunna. Na biyu hannun yara. Kowa ya wuce ya barbaɗa, anjel kuwa ba ya cewa ya ƙoshi. Mutum ɗaya ya riƙe abincin, sau biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu. Kada a ba su burodi ko abincin tarwaɗa, maiƙonsa yana ɓata ruwa.

Ranar ɗauko su, ka je da safe, ka ce a cika ledar da iska fiye da ruwa, ka sa ta a kwali ko kula saboda cunkoson hanya, kada ta zauna a but ɗin mota cikin rana. A gida ka ɗora ledar a kan ruwan tankin kamar minti ashirin zafinsu ya daidaita, ka riƙa ƙara mata ruwan tankin kaɗan-kaɗan, sannan ka kwashe kifin da raga, ruwan shago kada ya shiga naka. Ka bar fitila a kashe, abinci sai gobe.

Bayan wasu watanni za ka ga biyu sun ware, suna tsayawa kafaɗa da kafaɗa gaban wani ganye mai faɗi ko jikin gilashi, suna goge wurin da baki, duk wanda ya matso su kore shi. Nan da kwana kaɗan macen za ta jera ƙwai layi-layi daga ƙasa zuwa sama, ɗaruruwa, namijin yana bin baya, sannan su riƙa yi musu fifita da fukafukai suna tsince waɗanda suka yi fari. Cikin kwana biyu zuwa uku ƙwan ke ƙyanƙyashewa. Sababbin iyaye sukan cinye na farko da na biyu, kada ya dame ka. Abin da za ka sa wa ido shi ne sauran huɗun. A tanki mai ƙafa huɗu da ciyayi da itace a tsakiya suna da wurin fakewa a ɗaya gefen. Idan ka ga an yaga wa wani fiffike ko an hana shi abinci, sai a raba, ko dai ma'auratan su koma nasu tankin mai lita 140, ko a rage sauran. Shi ya sa tun ranar saye yake da kyau ka yi magana da mai shagon cewa idan sun girma za ka dawo masa da wasu ya musanya maka da abinci ko kayan aiki. Babban anjel mai lafiya ya fi ƙarami kuɗi nesa ba kusa ba, da wuya ya ƙi.